Christian Okoye: mai jifan faifai daga Enugu da ya zama gwarzon ƙwallon Amurka

Christian Emeka Okoye tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, haifaffen Enugu a kudu maso gabashin Najeriya. An haife shi ranar 16 ga watan Agusta na 1961. Ya yi wa ƙungiyar Kansas City Chiefs wasa daga 1987 zuwa 1992 a matsayin fulbak, wato ƙaton da ke rungumar ƙwallo ya kutsa tsakiyar abokan hamayya. A kakar 1989 babu wanda ya kai shi cin ƙasa da gudu a duk faɗin NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Abin da ya sa har yau ake maimaita labarinsa shi ne bai taɓa buga wannan wasa ba sai da ya kai shekara 23, kuma abin da ya tura shi ciki ɓacin rai ne da ya samo daga gida.

Wane wasa ne wannan

Mai karatu na Tasawa ko Mayahi da ya saba da ƙwallon ƙafa zai fara cin karo da suna. Amurkawa na kiran wasansu futbal, jaridun Faransanci na cewa football américain, amma da hannu ake yin kusan komai. Ɗan'uwan rugbi ne, daga gare shi ya samo asali a jami'o'in Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙwallon ba ta da zagaye, ta fi kama da ƙwai mai tsini biyu. Filin kuwa an ja masa layuka a gicciye kowane yadi biyar, har ya yi kama da wayar da masu nama ke ɗorawa bisa garwashi, kuma daga wannan kamanni ne ya samu laƙabinsa na Turanci, gridiron.

Da yadi ake auna komai, irin yadin da ƴan koli da teloli suka sani, wanda bai cika mita ɗaya ba: santimita 91 ne da ɗoriya. Tsawon filin yadi 100 ne, sai wani shashi na yadi 10 a kowane ƙarshe. Kowace ƙungiya na da mutum 11 a fili. Wadda ke riƙe da ƙwallo ana ba ta yunƙuri huɗu ta ci yadi 10. In ta ci, a sake ba ta huɗu, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ƙwallo shashin ƙarshe ya ci wa ƙungiyarsa maki 6, shi ake kira tacdawun. Bugun ƙafa tsakanin sanduna maki 3 ne. Ana yin zubi huɗu na minti 15, amma saboda yawan tsayawa wasa ɗaya kan cinye kusan awa uku. A Kanada akwai wani samfurin da ake yi da mutum 12 da yunƙuri uku, a fili mafi girma.

Hanya biyu ake cin ƙasa. Ko dai jagoran hari, kwatabak, ya jefa ƙwallo gaba wani ya cafke, ko ya miƙa ta hannu da hannu ga ɗaya daga cikin masu gudu da ke tsaye bayansa. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi masu gudun biyu ne. Akwai hafbak, marar nauyi, mai zulliya da kaucewa. Akwai fulbak, wanda ya fi nauyi, aikinsa ya shiga gaba ya ture duk wanda ya tare hanya, ko ya ɗauki ƙwallon da kansa in yadi ɗaya ko biyu ya rage kuma kowa ya san ta tsakiya za a bi. A da can fulbak shi ne tauraron ƙungiya. Jim Brown na Cleveland, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin masu gudu, fulbak ne. Haka Larry Csonka na Miami da Franco Harris na Pittsburgh. Lokacin da Okoye ya shigo, wannan matsayi ya fara komawa aikin share wa wani hanya, kuma yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka ɗora wa nauyin harin ƙungiya gaba ɗaya.

Daga Enugu zuwa Azusa

Okoye na dab da cika shekara shida yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, kuma Enugu, garin haihuwarsa, ita ce babban birnin ƴan awaren kafin sojojin tarayya su karɓe ta a watan Oktoba na wannan shekara. Ya tashi kamar sauran yaran zamaninsa da ƙwallon ƙafa, sai dai jikinsa ya yi ta girma har ya fi ƙarfin wasan. A makarantar sakandare aka juya shi zuwa wasannin jifa: faifai mai kilo 2, da dalma da guduma masu kilo 7 da ɗoriya kowanne. A faifai ya fi shahara.

Wanda ya buɗe masa ƙofar Amurka abokinsa ne, ɗan tsere Innocent Egbunike, wanda ya riga shi zuwa jami'ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya. Ƙaramar jami'a ce ta Kiristoci, mai zaman kanta, a gabas da Los Angeles. Egbunike ya yi wa mai horar da ƴan guje-guje da tsalle-tsalle na jami'ar, Terry Franson, maganarsa, Okoye kuma ya iso a 1982 da tallafin karatu.

Sai an fahimci wani abu game da Amurka kafin labarin ya zauna. A can ba unguwa ko ƙaramar ƙungiya ke renon ɗan wasa ba, makaranta ce. Yaro ya fara a sakandare, ya wuce jami'a a biya masa karatu saboda wasansa, daga nan ne ƙwararru ke zaɓarsa. Jami'o'in kansu hawa-hawa ne. Manya suna ƙarƙashin hukumar NCAA, wasu na cika filin da ke ɗaukar mutum dubu ɗari. Ƙanana da yawa suna ƙarƙashin NAIA, inda ba kasafai kyamarar talabijin ke leƙawa ba. Azusa Pacific a wancan lokaci a rukuni na biyu take. A gasannin NAIA Okoye ya lashe kambun ƙasa sau da dama a jifa, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga sunan jami'ar a wannan fanni. Ƙwallon Amurka kuwa da ya fara gani a 1982 bai burge shi ba ko kaɗan. Ya sha faɗa cewa gani ya yi wasa ne mai gundura, a taru a yi karo a tsaya, a sake taruwa.

Shekarar 1984

Burinsa ɗaya ne, gasar Olamfik ta 1984, wadda aka shirya a Los Angeles, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga inda yake atisaye. Ya yi jifan da ya kai nisan da ake buƙata, amma da hukumomin wasanni na Najeriya suka fitar da sunayen tawaga babu nasa. Yana ji yana gani aka yi gasar a ƙofar gidansa. Abokinsa Egbunike ya samu tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu tare da Sunday Uti da Moses Ugbisie da Rotimi Peters, Peter Konyegwachie kuma ya kawo azurfa a dambe.

Duk wanda ya san yadda ake haɗa tawagogin wasanni a yankinmu, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnensa. Galibi ɗan wasan da aka yi wa haka gida yake komawa ya nemi wata sana'a. Okoye ya yi sa'a yana wurin da akwai wani fili a gefen wanda aka hana shi. Ya je wurin mai horar da ƙungiyar ƙwallon jami'ar, Jim Milhon, ya ce yana so ya gwada. Ya ba da labari daga baya cewa wani gudu na Marcus Allen da ya gani a talabijin ne ya nuna masa matsayin da yake so. Allen ya yi gudun yadi 74 a wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Janairun 1984, yana tare da ƙungiyar Raiders.

Ba ƙaramin aiki ba ne koya wa mai shekara 23 abin da abokan wasansa suka fara tun suna ƴan shekara takwas. Sai da aka nuna masa yadda ake ɗaura sulken kafaɗa da hular kwano, yadda ake rungume ƙwallo kada a fizge, da yadda ake karanta zanen dabarun da kowane ɗan wasa ke haddacewa. Amma abin da ya zo da shi ba a koyar da shi. Tsawonsa mita 1 da santimita 85, nauyinsa na kai-kawo tsakanin kilo 115 da 118, ya zarce buhun hatsi cikakke, kuma an auna gudunsa na yadi 40 a daƙiƙa 4.45. Wannan saurin masu kilo 90 ne. Shekarun jifa sun ƙara masa wani abu, domin mai jifan faifai daga ƙugu da cinya ƙarfinsa ke tashi, kuma a daƙiƙa guda yake sakinsa gaba ɗaya. Haka ake son mai kutsawa ya kasance.

Kaka uku ya buga wa Azusa Pacific. A ta ƙarshe, 1986, ya ci yadi 1,680 a wasa tara, kusan yadi 187 ke nan kowane wasa. Duk da haka masu farautar ƴan wasa na NFL suna da shakka, kuma shakkar tana da hujja: ƙato a tsakanin ƴan ƙananan jami'o'i, wa ya san yadda zai yi in ya gamu da tsararsa? Amsar ta zo a watan Janairun 1987 a wasan Senior Bowl da ake yi a garin Mobile na jihar Alabama, inda ake tara fitattun ɗaliban shekarar ƙarshe daga manyan jami'o'i. Okoye ya shiga shashin ƙarshe sau huɗu a wannan rana.

Kansas City

Kowace shekara ƙungiyoyin NFL na zama su zaɓi sababbin ƴan wasa bi da bi, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. A watan Afrilun 1987 Kansas City Chiefs ta ɗauki Okoye a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 da aka kira, kuma lamba 35 ce ya sa a rigarsa. Kafin a fara kaka ya cika shekara 26, alhali yawancin waɗanda aka zaɓa tare da shi ba su wuce 22 ba. Wannan tazarar ta shekara huɗu ta yi tasiri a ƙarshen labarinsa.

A sansanin atisaye ne ya samu laƙabin da ya bi shi har yau, The Nigerian Nightmare, kuma abokin wasansa Irv Eatman ake danganta wa shi. Fassarar kai tsaye ita ce mugun mafarkin Najeriya, amma Bahaushe zai fi gane abin da ake nufi in aka ce dannau, wanda ke hawa ƙirjin mai barci ya hana shi motsi.

Wasansa na farko, da San Diego, ya wuce yadi 100. Sai dai kakar ta zo da yajin aikin ƴan wasa, aka soke mako ɗaya, aka buga makonni uku da ƴan haya. Okoye ya buga wasa 12, ya ci yadi 660 a ɗauka 157. A 1988 rauni a babban yatsa ya rage masa wasanni zuwa tara da yadi 473. Ƙungiyar kanta ba ta da katabus, wasa huɗu-huɗu kawai ta ci a waɗannan kakanni biyu, aka sallami mai horarwa Frank Gansz.

Kakar 1989

Sabon shugaban gudanarwa, Carl Peterson, ya ɗauko Marty Schottenheimer wanda ya baro Cleveland. Tsarin Schottenheimer ba shi da ado: a tsare gida da kyau, a riƙe ƙwallo, a yi ta dukan tsakiya da gudu har masu tsaron abokan hamayya su gaji. Irin wannan tsari mutum ɗaya yake buƙata wanda zai jure, kuma ya tarar da shi a ƙungiyar.

A wasa 15 Okoye ya ɗauki ƙwallo sau 370, kusan sau 25 kowane wasa, ya ci yadi 1,480, ya shiga shashin ƙarshe sau 12. Shi ne na ɗaya a gasar a yawan ɗauka da yawan yadi, kuma shi ne ɗan Chiefs na farko da ya jagoranci NFL a gudu. Aka sa shi a jerin gwanayen shekara na All-Pro, aka gayyace shi wasan taurari na Pro Bowl. Chiefs ta ci wasa takwas, ta faɗi bakwai, ta yi kunnen doki ɗaya.

Kambun yana da wani labari a gefe wanda adalci ne a faɗa. Sabon shiga Barry Sanders na Detroit Lions ya ƙare da yadi 1,470, tazarar yadi 10 kacal. A wasan ƙarshe na kaka, da Atlanta, Detroit ta riga ta yi nisa a gaba, aka ba Sanders damar komawa fili ya cike abin da ya rage, ya ƙi. Kuma shi a ɗauka 280 ya tara nasa, ƙasa da na Okoye da 90. Lissafin ya nuna bambancin mutanen biyu sarai. Sanders na cin sama da yadi biyar a kowace ɗauka domin ba a iya kama shi. Okoye na cin huɗu domin ko an kama shi sai ya ja mutum biyu ko uku gaba kafin ya faɗi. Cafke ƙwallon da aka jefo kuwa bai taɓa zama gwaninta ba, a nan ne makarar da ya yi wurin fara wasan ta fi fitowa.

Masu sha'awar kokowa, waɗanda ke cika filin Maraɗi mai sunan Yacouba Ango Kantu in gasar takobi ta zo, za su gane wani ɓangare na wannan aiki: saukar da ƙugu, neman ƙasan abokin karo, turawa da cinya. Inda suka rabu shi ne a kokowa da an kayar da mutum an gama. A nan ana kayar da mutum, wasu su faɗo a kansa, ya tashi cikin rabin minti a sake, sau ashirin da wani abu a yini ɗaya, mako bayan mako daga Satumba zuwa Disamba.

Daren Denver da abin da ya biyo baya

Ranar Litinin 17 ga watan Satumba na 1990, a wasan dare da duk Amurka ke kallo, Chiefs ta je Denver. Okoye ya ɗauki ƙwallo ya nufi tsakiya kamar kullum, sai mai tsaron baya Steve Atwater, wanda bai kai shi nauyi ba, ya taho a guje ya yi karo da shi ya mayar da shi baya ya zube. An sa wa Atwater makirfo a daren, don haka aka ji ƙarar karon da ihun da ya biyo baya, kuma har yau hoton na yawo a intanet. Da yawa sukan ce daga nan Okoye bai sake zama kamar da ba. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana sosai ba. Gaskiya ne a 1990 ya sauka zuwa yadi 805, yana fama da ciwon kafaɗa, Barry Word kuma ya karɓi rabin aikin har ya wuce yadi dubu. Amma a 1991 Okoye ya dawo da yadi 1,031 da tacdawun tara, matsakaicinsa a kowace ɗauka ya fi na 1989, aka sake kiransa Pro Bowl. Karo ɗaya bai gama da shi ba, tarin su ne.

A waɗannan shekaru Chiefs ta farfaɗo. Tsakanin 1972 da 1989 sau ɗaya tak ta shiga wasannin neman kofi, amma ta shiga a 1990 da 1991 da 1992 a jere, filin Arrowhead ya koma cika. Nisa ne ba ta yi ba. Miami ta fitar da ita da ci 17 da 16 bayan kakar 1990. A ta 1991 ta doke Raiders 10 da 6 sannan Buffalo ta lallasa ta 37 da 14. Okoye bai taɓa buga Super Bowl ba.

A 1992 gwiwa ta fara ƙin ba shi haɗin kai, aka rage masa aiki zuwa ƴan yadin ƙarshe kusa da layi, ya tashi da 448 da tacdawun shida. An yi masa aiki a gwiwa, bai buga kakar 1993 ba, kuma bai sake dawowa ba. A wannan shekarar ce Marcus Allen, wanda gudunsa ya ja shi zuwa wasan, ya koma Kansas City.

Lissafin jiki

Jimillar abin da ya yi a NFL: wasa 79, ɗauka 1,246, yadi 4,897, tacdawun 40. Lokacin da ya bari babu ɗan Chiefs da ya kai shi yadi a tarihin ƙungiyar, kafin Priest Holmes da Larry Johnson da Jamaal Charles su wuce shi. A shekarar 2000 aka sa sunansa a zauren girmamawa na ƙungiyar.

In aka mayar da yadi 4,897 zuwa ma'aunin da muka saba, bai cika kilomita huɗu da rabi ba, tafiyar da manomi ke yi zuwa gona da safe ba tare da ya lissafa ba. Shekara shida aka yi ana cin wannan ƴar tazara, mita uku da rabi a kowane yunƙuri, kuma kusan kowane yunƙuri da karo ya ƙare.

Abin da irin wannan karo ke yi wa ƙwaƙwalwa wani ɗan Najeriya ne ya fara fallasa shi, kuma ta kan abokin wasan Okoye. Mike Webster, wanda ya yi shekara 15 a Pittsburgh, ya ƙare wasansa a Kansas City a 1989 da 1990, yana tsakiyar sahun da ke buɗe wa Okoye hanya. Bayan ya bar wasa ya shiga ruɗewa da mantuwa, har ya riƙa kwana a mota, ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa a Pittsburgh shi ne Bennet Omalu, ɗan jihar Anambra da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya. Ya gano lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan bugun kai ke haddasawa, cutar da ake taƙaita sunanta da CTE, ya wallafa bincikensa a 2005. Da farko likitocin NFL sun nemi a janye rahoton. A 2013 gasar ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin ƴan wasa sama da 4,500 da suka kai ta ƙara, daga baya kotu ta sa aka cire iyakar kuɗin. Labarin Omalu ne aka yi fim ɗin Concussion a kansa a 2015, Will Smith ya fito a matsayinsa. Tun daga nan an sauya dokoki da dama game da karo da kai, kuma yau da wuya mai horarwa ya ɗora wa mutum ɗaya ɗauka 370 a kaka ba a yi masa ca ba.

Matsayin fulbak kansa ya shiga wani hali. Wasan ya karkata zuwa jifa, ƙungiyoyi da yawa sun gwammace su sa ƙarin mai cafke ƙwallo, wasu ma ba su da fulbak ko ɗaya a jerin ƴan wasansu. Waɗanda suka rage, irin su Kyle Juszczyk na San Francisco, tare hanya da cafkar gajeren jifa ne aikinsu, ba kasafai ake miƙa musu ƙwallo su yi gudu ba.

Bayan wasa, da waɗanda suka biyo sawu

Okoye ya zauna a Kalifoniya. Yana da gidauniya mai sunansa da ke shirya wa yara marasa galihu sansanonin wasanni, kuma shi ya kafa zauren girmama ƴan wasan jihar Kalifoniya. Wasu matasan Amurka da ba su taɓa ganinsa a fili ba sun san shi ta wasan bidiyo na Tecmo Super Bowl da ya fito a 1991, inda kayar da shi ke da wuyar gaske.

Bayansa ƴan asalin Najeriya sun yawaita a NFL, galibi ƴaƴan baƙin haure da aka haifa a Amurka ko Ingila, kuma mafi yawansu ƴan kudu. Daga arewa akwai Samkon Gado, wanda aka haifa ranar 13 ga watan Nuwamba na 1982 a Kufai, cikin jihar Gombe ta yau, iyayensa suka tafi da shi Amurka yana yaro. A jami'ar Liberty yawanci a benci yake, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2005, kuma Kansas City ce ta fara gwada shi ta sallame shi. Green Bay Packers ta ɗauke shi bayan manyan masu gudunta sun ji rauni ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya cika shekara 23 ya ci yadi 103 da tacdawun uku a kan Atlanta, bayan wata guda kuma ya ci 171 a kan Detroit. Ya zagaya Houston da Miami da St. Louis, sannan ya koma abin da ya nufa tun farko, karatun likita, ya zama likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Ita kuma NFL ta daina jiran sa'a ta kawo mata irin Okoye. Tun 2017 tana da shirin ɗaukar ƴan ƙasashen waje da ba su bi ta jami'o'in Amurka ba, kuma a watan Yunin 2022 ta yi sansaninta na farko a Afirka, a Ghana, bisa jagorancin Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan New York Giants mai asali da Najeriya. Wani samfurin wasan da ba a karo a cikinsa, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai gudu maimakon kayar da shi, zai shiga gasar Olamfik a karon farko a 2028, a Los Angeles.